Yadda ake auna zaman koci a babbar ƙungiya

Kada ka fara da ƙirga kofuna. Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea Kofin Zakarun Turai a Mayun 2012, watan Nuwamba aka sallame shi. Kofin sili-ɗaya-ƙwale yana iya zuwa da sa'a, wasanni 38 na Firimiya kuwa ba sa ɓoye komai.

Fara da abin da ya tarar. Jurgen Klopp ya karɓi Liverpool a Oktoban 2015 tana tsakiyar teburi, ya ƙare kakar a na takwas. David Moyes kuma zakarun Ingila ya gada a Manchester United a 2013, aka kore shi kafin shekara ta cika. Ba da mudu ɗaya za ka auna su ba.

Sai ka raba makin kaka da yawan wasanni. Maki 2 a kowane wasa, wato 76 a kaka, yawanci ya isa shiga huɗun farko. A 2018/19 Liverpool ta tara 97, sama da 2.5 ke nan, amma Manchester City ta fi ta da maki ɗaya tak. Wanda ya dubi kofin Firimiya kaɗai zai ce Klopp ya gaza, alhali a kaka ta gaba da 99 ya ɗauke shi.

Wajen kuɗi ne aka fi yin kuskure. Masu musu a gidan kallo suna ambaton abin da aka kashe, su manta da abin da ya shigo. Cire kuɗin sayarwa daga na saye tukuna. A Janairun 2018 Coutinho ya bar Liverpool ya tafi Barcelona, a watan kuma Van Dijk ya zo daga Southampton a kan fam miliyan 75, Alisson ya biyo daga Roma da bazara. Ka kuma bincika wa ke da ta cewa wajen cefane, domin a lokacin Michael Edwards ne daraktan wasanni mai kula da sayen 'yan wasa a Liverpool, ba duk yabo ko laifi ne na koci ba.

Kaka mai muni kuwa, duba jerin masu jinya kafin ka yanke hukunci. A 2020/21 'yan bayan Liverpool Van Dijk da Gomez da Matip duk sun kwanta, har sai da aka mayar da 'yan tsakiya Fabinho da Henderson baya, tsakiya ta zama fanko. Liverpool ta sha kashi sau shida a jere a gidanta Anfield, duk da haka ta ƙare a ta uku.