Kurakuran da ke hana makafi karanta littattafan da muke sakawa a intanet

Makaho yana karatu da waya ko kwamfuta ta hanyar manhajar da ke furta masa abin da ke kan allo: TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone, NVDA ko JAWS a kwamfuta. Rubutu na gaskiya manhajar take bi harafi bayan harafi. Daga nan ne yawancin kurakuranmu suke tasowa.

Babban cikinsu shi ne ɗaukar hoton shafi. Marubuci ya gama littafi, ya ɗauki hoton kowane shafi ko ya yi sikanin, ya haɗa su a PDF ya tura. A wajen mai ido littafi ne, a wajen manhajar kuwa hoto ne da babu kalma ko ɗaya a ciki. Maganinsa a fitar da littafin daga fayil ɗin da aka buga shi tun farko. In kuma tsohon littafi ne da babu fayil ɗinsa, a bi da shi ta manhajar OCR mai mayar da hoto rubutu, sannan mutum ya zauna ya gyara, domin takan cinye lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, ƙafa ta koma kafa.

Waɗannan haruffa suna da wata matsalar. Akwai tsofaffin nau'ikan rubutu da ke nuna ƙ a allo alhali a ƙarƙashi wata alama ce daban. Da an kai fayil ɗin wata na'ura sai kalmomin su tarwatse. A buga da haruffan Unicode, tsarin haruffa na bai-ɗaya da na'urorin zamani ke ganewa, a kuma saka wa fayil alamar harshe, wato "ha".

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne adon da ake yi wa littattafan WhatsApp. Layi guda na furanni da zukata kafin kowane babi, sunan littafi kuma da haruffan kwalliya. Manhajar sai ta kira sunan kowace fure ɗaya bayan ɗaya, haruffan kwalliyar kuwa ko ta tsallake su ko ta karanto abin da ba ya da ma'ana. Kafin mai sauraro ya kai jimlar farko ya gaji.

Kanun babi ma ba a ƙara musu girma da kauri kawai. A zaɓi salon kan magana, wato "Heading", a Word, shi ne ke ba makaho damar tsallakawa babi na tara ba sai ya saurari takwas ba. Hoto ko taswira a rubuta musu gajeren bayani. Ga masu raunin gani, tsarin fayil ɗin littafi da ake kira EPUB ya fi PDF, saboda rubutunsa yana ƙara girma ya daidaita da allo. Wanda ya yi littafin murya kuma ya haɗa da rubutu saboda kurame.

Wasu na tsoron keta haƙƙin mallaka. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, ta ba da damar mayar da littattafai tsarin da makafi za su iya karantawa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hakan.

Kafin ka saki littafi, kunna TalkBack, ka rufe ido, ka nemi babi na uku.