Babi na 6: Gayyar Dashen Itatuwa

Darasi na 1: Shiri

Manoman Maigatari, Babura da Gumel sun san yadda rairayi ke cin gona. Tare shi aikin gayya ne. Ku je wurin mai unguwa ya nuna fili, ƙungiyarku ta sa rana. A bari sai damina ta zauna, wato Yuli zuwa farkon Agusta. Ku nemi dashe wurin malamin daji: darbejiya don inuwa da tare iska, gawo kuma cikin gona, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Kowa ya zo da shebur, reza da bokiti.

Darasi na 2: Dasawa

Ku haƙa rami, zurfi kamu ɗaya, faɗi kamu ɗaya. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa. Tsakanin rami da rami taku biyar. Ku gauraya ƙasar da kuka fara haƙowa da busasshen taki kwano ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

To, a nan sai a natsu. Dashen yana cikin baƙar leda. Dole a cire ledar. Ku kwantar da dashen, ku yanke gindin ledar da reza, sannan ku tsaga ta daga sama har ƙasa. Ku zare ta sannu a hankali, kada ƙasar da ke riƙe da saiwa ta wargaje. In ta ɗan zube a karon farko, ba komai, hannu zai saba.

Me ya sa? Leda ba ta ruɓewa. Saiwa sai ta nannaɗe a ciki. Itacen zai yi kore shar da damina, rani na shigowa ya bushe. Huda ledar bai isa ba. Yanke gindinta kawai bai isa ba. A cire ta duka.

Ku sa dashen a tsaye, wuyansa, wato mahaɗar saiwa da kara, daidai da bakin rami, ku mayar da ƙasa, ku danna da ƙafa. Kafin ku mayar da ƙasar, ku duba: ledar tana hannunku?

Haba jama'a! Duk shekara ana faɗa, duk shekara ana binne leda saboda gaggawa. Wannan ba mantuwa ba ce, ganganci ne. Shugaban gayya ya ƙirga: in an dasa 50, a kawo masa leda 50.

Darasi na 3: Shinge

Ku kewaye kowane dashe da ƙaya a ranar, kada a bari sai gobe. Akuya ba ta jira. In kun ga gara, ku barbaɗa toka.

Darasi na 4: Ban ruwa

Da rani, kowane dashe bokiti ɗaya, sau biyu a mako, da yamma. A raba kwanakin gida-gida.