Yadda ake tsara dokokin katangar tsaro don sa ido kan netwok

Katangar tsaro (firewall) ita ce ke tace abin da zai shiga ko ya fita daga na'ura ko netwok. Kafin ka taɓa komai, zauna ka rubuta wa ke fara yi wa wa magana. Sabar sa ido ce ke tambayar rawuta da suwic, wato na'urorin da ke haɗa netwok, lafiyarsu ta SNMP, yaren da ake tambayar na'ura halin da take ciki, a ƙofar UDP 161. Ƙofa (port) lamba ce da kowane aiki ke sauraro a kanta, UDP da TCP kuma hanyoyi biyu ne na aika bayanai. Amma in wani abu ya auku, a ce waya ta tsinke, na'urar ce da kanta ke kai ƙara wurin sabar ta ƙofar UDP 162. Hanya biyu ke nan, kowacce da dokarta. Wanda ya buɗe 161 kaɗai, gargaɗin gaggawa zai riƙa zubewa a bakin katanga bai sani ba, sai zagayen tambaya na gaba ya zo.

Da farko, ware wa harkar gudanarwa zangon adireshi nata, misali 10.0.50.0/24, kada ta cuɗanya da kwamfutocin ma'aikata.

Sai ka buɗe SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa a asirce, TCP 22, daga wannan zango kawai, ka kuma ɗora dokar a sama. Katangar tana bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. In dokar hanawa ta riga ta, ka kulle kanka a waje. Telnet kuwa, tsohuwar hanyar shiga daga nesa, ƙofa 23, rufe ta, don a fili take ɗaukar kalmar sirri.

Na uku, ka ba sabar sa ido izini da adireshinta, ba kowa da kowa ba. A na'urar da ake sa wa ido, in Ubuntu ke kanta kuma adireshin sabar 10.0.50.10 ne, ga yadda ake rubutawa:

ufw allow from 10.0.50.10 to any port 161 proto udp

A kan sabar kuma ka buɗe 162, da UDP 514 na syslog, inda na'urori ke turo bayanan abin da ke faruwa a cikinsu. Kada ka manta da NTP mai daidaita agogo, UDP 123, domin in agogon na'urori ya saɓa, ranar bincike ba za ka gane abin da ya riga wani faruwa ba. Ka bar ping, saƙon gwada ko na'ura tana amsawa, ya wuce daga sabar.

Ni dai ban yarda da SNMP v2c ba. Kalmar sirrin wannan tsohon samfuri ba a ɓoye take ba, kuma sau da yawa akan bar ta a "public" yadda ta zo. Koma samfurin v3.

Daga ƙarshe, sa dokar hana duk sauran, tare da ajiye bayanin abin da ta toshe. Kada ka rufe tagar SSH ɗinka sai ka buɗe wata ka ga ta shiga. A na'urorin kamfanin Juniper, yi amfani da umarnin commit confirmed wajen ajiye sabon tsari: in minti 10 ya cika ba ka tabbatar ba, tsohon tsari zai dawo da kansa.