Kurakuran da sabbin shiga ke ta maimaitawa a lissafin aisotof na asibiti

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya. Ɗalibi zai kawo lissafin yadda za a samar da galiyam-68 (aisotof mai fitar da rediyeshan da ake ɗaukar hoton marasa lafiya da shi) a saikulotiron (na'urar da ke harba furoton a kan sinadari), tun kafin in kai shafi na biyu na san inda matsalar take.

Babba a ciki shi ne mutum ya buɗe jadawalin kuros-sekshan (mai nuna yiwuwar samun kowane aisotof a kowane ƙarfin furoton), ya kalli layin aisotof ɗin da yake so kawai, ya zaɓi ƙarfin furoton yadda zai kwashi mai yawa, shi ke nan wai ya gama. To sauran abubuwan da ke fitowa tare da shi fa? In kana harbin zink-68 da furoton, da ka haura MeV 12 da ɗan kai (MeV ma'aunin ƙarfin furoton ne) ƙofar (p,2n), inda furoton ɗaya ke shiga niyutiron biyu su fita, ta buɗe, galiyam-67 ya fara shigowa. Shi galiyam-68 rabin rayuwarsa (lokacin da rabinsa ke mutuwa) minti 68 ne, na galiyam-67 kuwa kwana uku da 'yan awanni, kuma tunda sinadari ɗaya ne babu wata tacewa da za ta raba maka su. Naka yana ta mutuwa, wancan yana nan daram, kason ƙazantar sai hawa yake duk minti. Mun taɓa asarar aikin yini guda a kan wannan, an ɗaga ƙarfin don a samu ƙari, da aka auna a HPGe (na'urar auna rediyeshan ɗin gama) ga layin galiyam-67 a fili, dole aka ajiye kwalbar gefe, ga zink ɗin da aka tace (aka ƙara masa kason zink-68) mai tsadar gaske ya tafi, ga marasa lafiya an sallame su ba hoto. Haba jama'a, wannan abu fa jijiyar mutum zai shiga! Haka zikoniyam-89 yake, ka wuce MeV 13 a kan itiriyam-89 sai ga zikoniyam-88 mai kwana 83. Ni dai nakan fara zana layin ƙazanta tukuna, sannan in sauko da ƙarfin ko da zan rasa wani abu.

Na biyu, ɗaukar TENDL, rumbun alƙaluman kuros-sekshan, tamkar awo ne. Ba awo ba ne, lissafin kwamfuta ne da manhajar TALYS ta fitar, wani wuri ya dace wani wuri ya kauce sosai. Je ka rumbun bayanai na EXFOR ka ga abin da mutane suka auna da hannunsu, sannan ka duba alƙaluman da hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) da ke Biyana ta tantance don aikin asibiti. Wasu ma za ka ga sun kwafo layi ɗaya sun liƙa ba su ko san daga ina ya fito ba, wannan lalaci ne kawai.

Akwai masu haɗa bayanan zink na asali da na wanda aka tace, alhali zink-68 bai kai kashi 20 cikin ɗari a na asali ba, lissafi ya tashi da kuskuren ninki biyar.

Tsawaita harbi ma ba ya ninka samu. Fulorin-18 in ka yi minti 110 kana harbi, wato rabin rayuwarsa, rabin iyakar abin da za a iya samu ka samu, ka ƙara wasu 110 kashi 75 ne.

Kar ka yarda da lambar ƙarfin da ke jikin na'ura, tagar Havar, siririn ƙarfen da furoton ke ratsawa, tana cin nata kafin furoton ya isa. Ni ina saka siririn fallen jan ƙarfe a gaba, in auna zink-62 da zink-65 da suka fito, daga nan nake gane ainihin ƙarfin da ya isa wurin.