Ga mai son ɗaukar hoton yanyawa a dazukan Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wanda ke Ingila yake son hoton jar yanyawa a daji, irin su New Forest da ke Hampshire, ya ɗaura ɗamara daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. A watan Maris take haihuwa, sai wajen ƙarshen Afrilu 'ya'yan ke fara leƙowa bakin rami suna wasa.

Ka je da asuba ko gab da magariba. Kafin ka zauna, ka duba inda iska ke kaɗawa. So ake ta riƙa bugo maka fuska, domin in ta kai mata warinka, shi ke nan, ko ƙyallinta ba za ka gani ba. Ni ciyawa nake tsinka in saki, in ga inda ta nufa. Turare kuwa, duk son mu da shi, a bar shi a gida. Ka kwanta rub da ciki, kyamara daidai tsayin idon yanyawar, da gilashi mai jawo nesa na milimita 300 ko fiye. Saurin shota, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, saboda duhun inuwa.

Kada ka matsa kusa da ramin, uwar na iya kwashe 'ya'yanta ta sauya gida. Kuma don Allah ban da jefa mata abinci.