Sabunta tutar Najeriya a zanen kwamfuta: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Da an doshi 1 ga Oktoba, masu zane a Abuja kan cika Instagram da shagunan buga takardu na Area 10 da tutar Najeriya cikin sabuwar siga. Wasu zanen na ratsa zuciya, amma da yawa na faɗin abin da mai su bai yi niyya ba.

Babban kuskure shi ne ƙara alama ba tare da binciken wanda ya riga ka amfani da ita ba. Rana ce ta fi kayar da mutane. Zanen da Michael Taiwo Akinkunmi, mai zanen tutar Najeriya, ya gabatar a gasar zana tutar ƙasa ta 1959 yana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta kafin a ɗaga tutar a 1960. Don haka mai son dawo da ita yana da hujja a tarihi, sai dai siffarta ce abin lura. Rabin rana ruwan ɗorawa mai fitowa tambarin Biyafara ne, kuma duk wanda ya san yaƙin 1967 zuwa 1970 haka zai karanta ta, ko da kai sabuwar safiya kake nufi. Kewayayyar rana ruwan lemo a kan fari kuwa tutar Nijar take tuno wa mutum. Idan dole sai rana, a yi ta cikakkiya, ja, mai tsirkiya, sannan a rubuta layi ɗaya a ƙasa da ke bayyana asalinta. Haka tauraro mai tsini shida: shi ne a tutar mulkin mallaka tun daga 1914, kore a cikin jan da'ira. Jinjirin wata da tauraro a kan kore da fari na kai hankali Pakistan, kuma yana mai da tutar kowa ta wani ɓangare. Gicciye ma haka. Dagin Arewa abin alfaharinmu ne, amma in ya zauna shi kaɗai a tsakiya, zanen ya zama na yanki. Maganin wannan mai sauƙi ne: kafin ka wallafa, nuna wa mutum uku da ba ƙabilarsu ɗaya ba, addininsu ba ɗaya ba, kada ka yi musu bayani, ka ji abin da suka gani.

Sai cunkoso. Dutsen Zuma, ƙofar shiga Abuja, mikiya, dawakai, taswira, duk a fili ɗaya. Farin nan zaman lafiya yake nufi, kuma sararinsa ne ke isar da saƙon. In ka cika shi ka kashe ma'anar. Zaɓi alama ɗaya, kada ta wuce kashi biyu cikin uku na faɗin farin. Mu dai a ganinmu, mahaɗar kogin Neja da Binuwai ta Lokoja, wadda ke kan baƙar garkuwar tambarin ƙasa, ta fi kowace dacewa, domin ba ta wani ɓangare ba ce.

Batun awo ba ya buƙatar dogon bayani. Tsawon tutar a kwance ninki biyu ne na tsayinta, ginshiƙai uku daidai wa daida. Buɗe fili mai fiksil 3000 da 1500, kowane ginshiƙi 1000. Kada ka matse ta don ta shiga murabba'in hoton fuska. Sake tsara zanen daban.

Launi kuwa nan ake asarar kuɗi. Koren da aka saba amfani da shi a kwamfuta shi ne mai lambar launi #008751. Allo na haɗa launi da haske (tsarin RGB), injin bugawa kuma da tawada (tsarin CMYK), shi ya sa koren da ke sheƙi a waya kan fito a dushe a kan leda ko takarda. Mai da fayil ɗin CMYK da kanka, a kan 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) idan takarda ce, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka nemi gwaji ƙarami kafin a buga duka. Kuma ka tura shi ta WhatsApp a matsayin fayil, ba hoto ba, don kada a rage masa inganci. Jan rubutu a kan kore ma a guje shi: masu matsalar bambance launi ba sa ganinsa sosai.

Masu amfani da ƙirƙirarriyar basira su duba tambarin ƙasa da idon basira, domin takan karkatar da ƙafafun dawakai, ta jagula haruffan taken da ke ƙasa. Gara ka zana shi da hannu a manhajar zane ta Illustrator ko Inkscape. Akwai kuma dokar tuta da tambarin ƙasa da ta hana wulaƙanta su, saboda haka zanen da za a sa a talla ko kayan sayarwa, a nemi shawarar lauya kafin a kai shi wurin bugawa.