Injin wanke-wanke mai durowa ko mai ƙofa: kurakuran da masu saye suka fi yi

Ranar da aka kawo wa yayata injin wanke-wanke har maƙwabta sai da suka leƙo. Irin mai durowa biyu ne, ya zauna daram a ƙarƙashin kantar kicin, gwanin sha'awa. Da daddare bayan an ci tuwo ta ɗauko tukunyar miya ta sa a durowar ƙasa, ta tura, durowa ta ce ba ta san zancen ba. Ta kwantar da tukunyar, ta karkata ta, ta kwashe faranti huɗu don a samu wuri, duk a banza. Ta juyo ta ce, "Ke, zo ki gani, ko ni ce ban iya ba?" Na ce, "Yaya, ba laifinki ba ne, tukunyar ce ta fi ƙarfinsa." Har yau a bakin famfo ake wanke mata tukwane, injin kuwa kofuna da faranti kawai yake gani.

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: a sayi inji da ido, ba a auna kayan da za a riƙa sa masa ba. Mai ƙofa ɗaki ɗaya ne dogo, da kwando a ƙasa da wani a sama, kuma a yawancinsu ana iya ɗaga kwandon sama ko a sauke shi, wasu ma a zare shi gaba ɗaya idan za a sa doguwar tukunya ko tire. Mai durowa ba haka yake ba. Kamfanin Fisher & Paykel na ƙasar New Zealand ne ya fito da shi a 1997 da sunan DishDrawer, kuma kowace durowa inji ce mai zaman kanta. Idan aka tura ta ciki, wani murfi ne yake saukowa daga sama ya rufe bakinta ruf don kada ruwa ya fita. Saboda haka duk abin da ya ɗago ya wuce bakin durowar, ko da hannun ludayi ne, zai hana murfin zama, inji ya ƙi tashi ko ruwa ya zubo. Durowar da aka saba yi tana ɗaukar faranti mai faɗin kusan santimita 30, akwai kuma mai zurfi wadda ta ɗan fi haka. Maganin wannan kuskure ba shi da tsada: ki sa tef ki auna babbar tukunyarki da tiren da kike zuba wa baƙi abinci. In da hali ma ki sa tukunyar a mota ki kai ta shagon. Mai shago zai yi dariya, ki bar shi ya yi.

Sai ruɗin da lamba take jawowa. Za ki ga an rubuta cewa inji yana ɗaukar kayan mutum 12 ko 14, ki ce ai mu goma ne a gidan, ya ishe mu. Wannan ƙidaya an yi ta ne a kan teburin Turawa: kowane mutum da shimfiɗaɗɗen faranti, da na miya, da ƙaramin faranti, da kofi, da cokula. Faranti irin wannan jeruwa yake yi kamar takardu, ba ya cin wuri. Mu kuwa kwanuka masu zurfi gare mu, da langa mai murfi, da tasa, da manyan robobi, kuma kwano ɗaya mai zurfi yana cinye wurin faranti uku. Mai ƙofa na santimita 60 yakan ɗauki kayan mutum 12 zuwa 16 a wancan lissafin, siririn na santimita 45 kuma 9 ko 10, durowa ɗaya 6 ko 7. Ki rage wa kowace lamba wani abu kafin ki kwatanta da gidanki.

Akwai kuma waɗanda suke zaton da zarar inji ya shigo, an yi ban kwana da soso. Ina! Tukunyar dalma da duk kayan alminiyam dusashewa suke yi su yi baƙi saboda ƙarfin sabulun inji. Muciya da akushi da ƙwarya da ludayin duma tsagewa za su yi da zafi. Kular abinci ma yawanci ba a sa ta. Ƙanzon tuwo kuwa sai an jiƙa an kankare, ko wane irin inji ne. To idan rabin wanke-wanken gidanki irin waɗannan kaya ne, tambayar ba ta durowa ko ƙofa ba ce tukuna. Ki fara ƙidaya abin da zai shiga injin a rana, daga nan ki san girman da kike buƙata.

Masu talla sukan ce mai durowa ya fi tattalin ruwa da wuta, mutane kuma su haɗiye maganar ba tauna. Gaskiya ce, amma da sharaɗi. Idan kayan kaɗan ne, kika kunna durowa ɗaya, ba shakka kin yi tattali a kan wadda ta kunna babban inji rabinsa wayam. Amma gidan da kullum sai an cika durowa biyu, ribar ta tafi, domin inji biyu kika kunna. Mai ƙofa na zamani yana wanke cikinsa maƙil da lita 10 ko kusa da haka a tsarin tattali, sai dai tsarin yakan ɗauki awa uku zuwa huɗu. Ga kuma kuɗin saye: mai durowa biyu galibi ya fi mai ƙofa na matsakaicin daraja tsada.

Inda na fi ganin an tafka asara shi ne wajen wuta. Mutum ya ga inji na hannu mai kyau, an ce daga Amurka aka kawo, kuɗinsa da sauƙi, ya biya. Injinan Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120 da zagaye 60 (wato yawan juyawar wutar a kowane sakan, abin da ake rubutawa Hz), tamu kuwa a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce da zagaye 50. Taransifoma za ta sauke ƙarfin wutar, amma ba ta canza zagayen, sai motar injin ta riƙa aiki ba yadda aka tsara ta ba. Bayan haka, a can bututun ruwan zafi ake haɗa musu, yayin da na Turai suke karɓar ruwan sanyi su dafa abinsu. Ki buɗe ƙofar ko durowar ki nemi 'yar takardar da ke manne a gefe, ki tabbatar an rubuta 220 zuwa 240. Kuma ki sani cewa hitar da ke cikin mai ƙofa irin na Turai tana jan wat 2,000 ko kusa da haka lokacin da take ɗumama ruwa. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, inbata ma sai mai ƙarfi. A ja masa soket nasa na kansa mai waya mai kauri, da wayar ƙasa, kada a haɗa shi da firiza a reshe ɗaya.

Ruwa ma haka. Yawancinmu tanki ne a saman ƙarfe, ruwa yana gangarowa da nauyin kansa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da ƙarfin bar 1 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turawar ruwa), to tankin da ya ɗara injin da mita 3 kacal bar 0.3 zai bayar, alhali injina da yawa suna neman aƙalla 0.5. Abin da za ki gani shi ne inji ya daɗe yana jiran ruwa, daga nan ya tsaya yana ƙyafta fitila, a ce ya lalace, alhali ƙishi yake ji. A duba littafin injin kafin a saya, idan ƙarfin bai kai ba a sa ƙaramin famfo mai tura ruwa. Idan kuma ruwan burtsatsenku yana barin farin ɓawo a gindin butar shayi, ki nemi injin da ke da wurin zuba gishiri na musamman mai tausasa ruwa. Ba kowane inji ke da shi ba, kuma gishirin miya ba ya maye gurbinsa.

Awon wuri kuwa a taƙaice: faɗi santimita 60, tsayi kusan 82 zuwa 85 ga mai ƙofa da mai durowa biyu, rabin haka ga durowa ɗaya. Masu kantar siminti su auna kafin birkila ya zuba. Kada kuma a shimfiɗa tayil bayan an girka inji, domin ranar gyara ba zai fito ba sai an fasa.

Kada ki yarda ko sau ɗaya a zuba masa omo ko sabulun ruwa na wanke-wanken hannu. Kumfa za ta cika shi ta malalo har tsakar kicin. Nasa sabulun daban ne, ba ya kumfa. A mai durowa kuma ki rage yawa, tunda dunƙulen sabulun da ake sayarwa don inji an auna shi ne da babban inji.

Abin da kusan kowa yake mantawa shi ne mai gyara. Mai durowa biyu komai nasa biyu ne, ga motocin da ke sauke murfi, ga tiyo da wayoyi da ke bin durowa ciki da waje a duk buɗewa. Tun 2012 kamfanin Haier na ƙasar Sin ne ya mallaki Fisher & Paykel, amma wannan ba ya nufin duk mai gyaran firiji a unguwarku ya taɓa kwance irinsa. Masu yin mai ƙofa suna da yawa, su Bosch da LG da Samsung da Beko, ginin cikinsu kuma ya yi kama da juna, shi ya sa samun wanda ya san kansa ya fi sauƙi. Kafin ki biya, ki tambayi mai shago wa zai gyara, kuma ina ake samo famfonsa da robar bakinsa idan sun mutu. Idan ya fara kame-kame, kin samu amsa.

Duk da haka ban ce mai durowa ba shi da gidan da ya dace da shi ba. Amarya da ango su biyu, ko ƙaramin kicin na sashen maigida inda kofunan shayi ne suka fi yawa, durowa ɗaya ta wadatar. Wanda ya fi kowa cin moriyarsa kuwa shi ne mai ciwon baya ko gwiwa, domin mai ƙofa sai an sunkuya har ƙasa an janyo kwando. Da Hajiyarmu ce za a saya wa, durowa ɗaya mai zurfi zan ce, a gaya wa kafinta ya ɗaga mazauninta zuwa daidai ƙugu, kusa da wurin wanke-wanke yadda tiyon zubar da ruwa ba zai yi nisa ba, ƙasanta kuma a yi mata kabad na ajiye tukwane.